Kwamfutar da Ba Ta San Mai'adua Ba

Bakina ne ya ja mini, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara goma sha shida ina buga takardu a wata makarantar firamare ta kuɗi a cikin garin Daura, tun muna da tafireta mai ƙarar nan har aka sayo kwamfuta. Aikina ke nan: wasiƙun iyaye, tambayoyin jarrabawa, da takardun sakamako na ƙarshen zango, waɗanda nake bugawa yaro bayan yaro har tsawon mako biyu. Ban taɓa raina aikin ba, da shi nake ciyar da gidana.

Mai makarantar, Hajiya, tsohuwar malamar Hausa ce da ta yi ritaya. Babban ɗanta ke taya ta harkokin makarantar, shi kuwa mutum ne mai son sabon abu. Wata ranar Talata ya shigo ofis da wani baƙo daga Katsina, da jaka a kafaɗa da ƙamshin turare, wai kamfaninsu na da manhajar da za ta fitar da sakamakon yara gaba ɗaya cikin awa guda. Ina zaune a kusurwata ina ji. Ba wanda ya dube ni, kuma ba sai an gaya mini ba: idan awa guda ta isa, me za a yi da mai mako biyu? Sai kawai na ji muryata tana cewa, "Hajiya, ai wannan ba wani abu ba ne. Ni ma zan iya haɗa irinta."

Wallahi a lokacin ban san ko da hannu ake haɗa manhaja ko da ƙafa ba. Ɗan ya ƙyalƙyale da dariya. Hajiya ba ta yi ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, saura mako bakwai a rufe zango. Idan ka kawo, taka za mu ɗauka. Idan ba ka kawo ba, tasu za mu ɗauka, kai kuma ka san abin da hakan yake nufi, ba sai na ɓata bakina ba."

Na fito ban san ta inda zan fara ba. A ranar na ba wani direba mai jigilar Kano saƙo, na ce ya shiga wurin masu littattafai ya ce a ba shi na koyon haɗa manhaja, wanda ya fi kowanne sauƙi. Bayan kwana biyu ya kawo mini wani jibgege da Turanci, a bangonsa an rubuta wai na waɗanda ba su san komai ba ne. Na ce alhamdu lillahi, ni aka rubuta wa. Yaren kwamfutar da littafin ke koyarwa kuma sunan mesa aka sa masa. Na ce to madalla, mu mutanen Daura da ma da maciji tarihinmu ya fara.

Marubucin mutum ne mai fara'a, wannan ba zan hana shi ba. Kowane shafi sai ya ce kada ka damu, abin da sauƙi. Sai dai wanda bai san komai ba a garinsu daban yake da wanda bai san komai ba a garinmu. Shafin farko ya ce ka sauke kayan aikin daga intanet, minti biyar ya isa. Kwana uku na yi ina yawo da kwamfutar makaranta a hammata ina neman sabis, daga bayan tasha zuwa bakin asibiti, abin ya kai rabi ya tsinke, in koma farko. Da na gama wannan sai misalai. Ni da nake so a koya mini tara makin yara, sai ga shi yana lissafa mini wata gurasa mai cuku da ake yankawa kashi takwas, da wani wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda, yana ta barkwanci a kan abubuwan da ban taɓa gani ba. Sai in ɓata rabin awa ina neman ma'anar wata kalma, in tarar ashe wasa yake yi, ba ta cikin darasin.

Duk da haka darasin farko ya yi mini daɗi. Ya ce duk maganar da kake so na'ura ta faɗa, ka sa ta tsakanin wasu 'yan alamomi biyu masu kama da waƙafi a rataye a sama, ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. Ta farko na nufin magana ta fara, ta biyu na nufin ta ƙare. Ya ce a fara da gaishe da duniya. Na rubuta da Hausa, na danna, sai ga shi ya fito: Sannu duniya. Na yi dariya ni kaɗai a ofis, don haka kakata take cewa idan gajiya ta ishe ta.

A darasi na biyu sai ya ce yanzu ka rubuta sunan garinku. Shekara ashirin ina Daura, amma idan an ce garinku, ni Mai'adua nake ji. Na rubuta Mai'adua tsakanin alamomin, na danna. Sai jan rubutu ya cika mini fuskar kwamfuta, wai tsarin jimlata ba daidai ba ne.

Littafin ya ce idan ka ga ja kada ka tsorata, ka duba ko ka buga abin daidai. Ni za a ce wa in duba bugu? Na goge na sake, ja. Na sake, ja. Na sa sunan garin marubucin, ya fito lafiya lau. Na sa Daura, ta fito. Na sa Katsina, ta fito. Sai zuciyata ta raya mini cewa na'urar manyan garuruwa kaɗai ta sani. Don in tabbatar na sa Baure. Ta fito! Na sa Zango, na sa Sandamu, duk suka fito tsaf. Na miƙe tsaye na ce, "Haba! Har Baure kin sani, amma ba ki san Mai'adua ba? Garin da ake cin kasuwa da mutanen ƙasa biyu?" Malamar aji uku da ke wucewa ta leƙo ta taga ta tambaye ni ko lafiya.

Na ji haushin abin ƙwarai, har na zargi kusancinmu da iyaka, na ce wataƙila a lissafinsu mu 'yan Nijar ne. Amma lokaci ba ya jira na, na tsallake darasin na ci gaba.

Makonnin nan ban san zama ba. Abinci a tsaye nake ci. Idan an tashi daga makaranta ba na iya wucewa gida kai tsaye, sai in bi ta rijiyar Kusugu in zagayo ta kasuwa, ina tafe ina magana ni kaɗai, da 'yar takarda a aljihu da nake zana umarnin na'ura a kai. Mai shayin bakin makaranta ya daina tambayata gajiya, sai dai ya ce, "Malam, yaya mesa?" A sallah, Allah ya yafe mini, sau da yawa sai an yi sallama nake tuna a raka'a ta nawa hankalina ya tafi. Matata, wadda ke koyar da mata karatun Alƙur'ani a Islamiyyar unguwarmu, ta yi mini magana sau ɗaya a kan ramar da nake yi, na daka mata tsawa a gaban yara. Ban taɓa yi mata haka ba, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Amma fa abin yana shiga. Na koyi yadda na'ura ke tara maki, ta raba, ta jera daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Na koyi yadda ake sa ta maimaita aiki ɗaya sau ɗari ba ta gaji ba. A mako na biyar na gwada da sunaye uku na ƙirƙira, sai ga takardun sakamako uku sun fito kamar ni na buga su da hannuna. Na fita harabar makaranta na zagaya bishiyar darbejiya sau biyu, don farin cikin ya ƙi zama a ƙirjina.

Washegari na zuba sunayen yaranmu na gaskiya, kowanne tsakanin alamomin nan biyu kamar yadda littafin ya koya mini. Na danna. Ja.

Ta nuna mini layin da ta tsaya, sunan wata yarinya 'yar aji ɗaya. Na duba sunan, ba kuskure ko ɗaya. Na cire yarinyar na sake dannawa, ta wuce yara huɗu ta tsaya a kan wani yaro. Na cire shi, ta ƙara gaba kaɗan ta tsaya. Haka muka yini ni da ita, ina cirewa tana ƙi, duk wanda na cire ina rubuta sunansa a takarda. Kafin la'asar takardar ta cika ta koma baya. Yara arba'in da ɗaya na'ura ta ƙi karɓa, cikinsu har da wadda ke zuwa ta ɗaya a aji shida.

Me suka yi mata? Na duba ko dogayen sunaye ne, a'a. Ko mata ne kawai, a'a. Ko 'yan aji ɗaya ne, a'a. Na koma littafin, babin kurakurai, ya sake ce mini in kwantar da hankalina in karanta saƙon, wai na'ura kullum tana faɗin abin da ke damunta. Na ce kai dai Allah ya shirye ka. Kwana shida ina kan wannan, ɗan Hajiya kuwa kullum sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, ana ta fama?"

Saura kwana biyar, ranar wata Asabar da hantsi, ina zaune a tsakar gida da takardar sunayen a gwiwata, na zuba mata ido kamar za ta yi magana. Matata tana tsince shinkafa. Ba mu gama shiryawa ba tun tsawar nan, amma ta ce, "Malam, wai sunayen su wane ne kake ta harara tun jiya?" Na ce yaran da na'ura ta ƙi ne. Ta goge hannu ta karɓa, ta fara kiransu ɗaya bayan ɗaya da irin karatun nan nata na masu tajwidi, kowane harafi sai ta ba shi haƙƙinsa. Ba ta kai na goma ba ta dakata.

"Ai waɗannan duk masu ainu ne da hamza," in ji ta. "Ba ka ji ba? Kowanne sai maƙogwaro ya ɗan tsaya a tsakiyarsa." Ta sake kiran biyu a hankali. Sannan ta ce, "Kamar dai sunan garinku."

Na fizge takardar. Kowane suna, daga na farko har na arba'in da ɗaya, da ɗan waƙafin nan na sama a cikinsa, wanda muke sawa a kalmomi irin su sana'a da addu'a da jama'a. Shi ne kuma ainihin alamar da littafin ya ce tana rufe magana. Shekara goma sha shida yatsana yana buga ta har idona ya daina ganin ta. A wurina ba alama ba ce, harafi ce, a cikin sunan take. Na yi wa matata bayani ina haɗa kalmomi, ta saurara ta ce, "To ai waƙafi ta yi inda ba a tsayawa. Kai ka ce mata idan ta ga alamar ta tsaya, ta gani ta tsaya. Laifinta mene ne?" Ta koma kan shinkafarta tana murmushi. Na ce mata ta yafe mini tsawar nan, ta ce tun yaushe.

Da gudu na tafi makaranta, maigadi ya buɗe mini. Dabarar da ta zo mini ita ce mafi kusa: na bi duk inda ɗan waƙafin yake a cikin Hausata na goge shi, a sunaye da ko'ina. Na danna. Babu ja! Firinta ta kama aiki, takardu na fitowa da ɗuminsu, yara duka, har da arba'in da ɗayan. Na zauna a ƙasa na jingina da bango ina kallon su.

Ranar Litinin na ajiye wa Hajiya su a tebur, na ja baya na harɗe hannu. Ta ɗauki ta sama, ta cire murfin jan bironta, wanda duk malamin makarantar ke tsoro. A saman kowace takarda akwai layin da muka saba sa wa iyaye, na godiya da suka ba mu amanar 'ya'yansu. Ta karanta shi a fili yadda ya fito: "Muna godiya da kuka ba mu amanar yayanku." Ta ɗago kai. "Malam, yayan wa aka ba mu amana? Babban wa muke koyarwa a nan?"

Na ce, "Hajiya, ai kowa zai gane. A waya ma haka kowa ke rubutawa."

"A waya," in ji ta. "Ba daga makarantata ba." Ta ci gaba da buɗa takardun tana zagaye sunaye da ja, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. "Shekara talatin ina koya wa yara su sa alhamza a inda take. Uba ya yanka rago ya raɗa wa ɗansa suna, kai kuma ka cire masa gaɓa don na'ura ba ta so? Idan ba za ta iya kiran sunan yaro daidai ba, ba na buƙatar ta, taka ce ko tasu. Alhamis za mu raba sakamako."

Na kwashi takarduna na fito. Haushinta nake ji, kuma na san gaskiya ta faɗa, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na rasa wanda zan tambaya. Na ɗauki littafin na fara bin sa shafi-shafi tun daga bango, har da wuraren da na tsallake, ina bi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Ranar Laraba bayan azahar, can kusa da ƙarshen littafin, a wani sashe na tarkacen bayanai da aka buga da ƙananan haruffa, na same shi. Layi uku ne. Ya ce idan maganarka na ɗauke da wannan alamar a cikinta, sai ka kewaye ta da tagwayen alamomi maimakon guda-guda, shi ke nan na'ura ba za ta ruɗe ba. Sannan ya ƙara da cewa ba kasafai mai farawa zai ci karo da wannan ba.

Ba kasafai ba! Na karanta wurin sau uku, na ji kamar in jefa littafin a kwata. Ni a darasi na biyu na ci karo da shi, a sunan garin da aka haife ni. Mutumin nan ba mugu ba ne, ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma rabin abin da na sani yau daga gare shi na koya. Amma da ya zauna yana tunanin wanda bai san komai ba, maƙwabcinsa ya gani, mai sabis a ɗaki da suna marar tsayawa a maƙogwaro. Ya ba gurasa mai cuku shafi huɗu, mu kuma ya ba mu layi uku a bayan littafi. Gyaran bai ɗauke ni awa biyu ba. Da na gama sunayen yara, na buɗe sabon shafi na rubuta Mai'adua tsakanin tagwayen alamomi, na danna, ta fito.

Da sassafe ranar Alhamis Hajiya ta zauna da takardun da jan bironta a buɗe. Ta bi su duka, wallahi duka, ina tsaye ina sauya ƙafa. Da ta kai ta ƙarshe ta mayar wa biron murfinsa ba ta yi zane ko ɗaya ba. Ta ce, "Madalla, Malam. Taka za mu ɗauka." Sannan ta tambaye ni, kamar ba da wata manufa ba, "Yanzu wannan abin, kullum sai kai za ka riƙa tayar da shi?"

Daɗi ya riga ya kwashe ni. Na ce, "Ina! Hajiya, ai na gama masa komai. A zuba maki a danna nan kawai. Ko maigadi zai iya."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Hajiya ta dube ni ta daɗe, sannan ta waiwaya ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Kunnena ya yi nauyi kwanan nan, ban ji me ka ce ba. Idan ɗana ya tambaye ka, abin yana da wuyar sha'ani, sai mai shi. Ka ji ko?" Na ce na ji. Idona ya kawo ruwa, na yi kamar ina gyara takardu.

Shekara biyu ke nan. Kowane ƙarshen zango sai in rufe ƙofar ofis, in danna, aikin ya ƙare kafin shayina ya huce, sannan in zauna kwana uku a ciki ina motsa takardu don a ji ƙara. Ba na jin daɗin haka. Na sha wuya na iya abu, ga shi ina ɓoyon iyawar kamar kayan sata. Hajiya kuwa ciwon ƙafa ya zaunar da ita a gida tun bayan sallar layya, ɗanta ne a kujerarta yanzu. Jiya da za a tashi ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Injiniya, ina so ka nuna mini yadda abin nan naka yake aiki, daga farko har ƙarshe." Na ce masa kaina na ciwo, ya bari sai gobe.

Yau ce goben. Tun ƙarfe bakwai nake ofis, na share teburin sau biyu, na kasa zama. Ga ƙarar motarsa nan a bakin get.